Baba Tela da Kwalbar Maganin Raguna

A unguwar Badarawa, arewa da Kogin Kaduna, akwai wani dattijo wanda yara da manya suke ce wa Baba Tela. Shekarunsa sun ba sittin baya, kuma fiye da rabinsu a kan keken ɗinki ya yi su. An san shi da hali guda, watau ba ya ɗora almakashi a kan yadi sai ya auna sau biyu, ko da kuwa mai yadin ya shekara ashirin yana kawo masa ɗinki. In yaran shagonsa suka yi gaggawa, sai ya ce musu yadin da aka yanka ba ya komawa, saboda haka a sake aunawa. Bayan ɗinki kuma yana da turke a bayan gida. Kowace shekara yakan je zangon Tudun Wada ya sayo 'yan raguna uku ko huɗu, ya yi ta ba su dusa da harawa har Babbar Salla ta zo, ya yanka ɗaya ya sayar da saura. Shi yake yi musu allurar tsutsa da hannunsa, kwalbar kuwa tana ajiye a kan tagar ɗakin dusa.

Wannan mutum mai tsananin kula da awo shi ne ya kusa rasa ransa a hunturun da ya haɗa shekarar 2020 da ta 2021, saboda ya sha magani ba tare da awo ba. Yadda abin ya faru ya isa a tsaya a duba, domin dattijon ba wawa ba ne, kuma ba cikin duhun kai ya aikata ba.

Mai karatu zai tuna halin da Kaduna ta shiga a wancan lokaci. An tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 26 ga Maris aka hana fita a Jihar Kaduna dare da rana, bayan kwana biyu kuma Gwamna Nasiru el-Rufa'i ya sanar da cewa shi kansa ya kamu. Aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a da majami'u, ba a sassauta sosai ba sai cikin watan Yuni. A cikin wannan kulle aka yi azumi, aka yi Ƙaramar Salla, wadda ita ce kakar teloli. Baba Tela ya ga shekarar da bai taɓa ganin irinta ba, har sai da ya sayar da rago tun bai yi ƙiba ba don a sayi masara. Saboda haka da cutar ta sake tasowa cikin Disamba, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne a zo da mota a ɗauke shi zuwa wurin killace masu cutar, a rufe masa shago, a riƙa nuna gidansa da baki. Allurar rigakafi kuwa ba ta iso ƙasar ba tukuna, sai ranar 2 ga Maris, 2021, kashin farko ya sauka a Abuja.

Ciwon ya fara masa kamar murar hunturu, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro kwana uku, bai ji sauƙi ba. Ran nan da safe uwargidansa ta kawo masa kunu, ta turara ɗaki, sai ya tambaye ta dalilin da ya sa yau ba ta sa turare ba. Ta dube shi, ya dube ta, ba wanda ya ce uffan, domin kowa ya riga ya ji a rediyo cewa ɗaukewar jin ƙanshi tana cikin alamun cutar.

Da yamma wani amininsa, abokin zamansa a majalisar ƙofar masallaci, ya zo duba shi, ya kunna masa wani saƙon murya a waya. Mai maganar yana Hausa tsantsa, cikin natsuwa, ya buɗe da sallama da salati. Ya ce an gano maganin korona, sunansa ibamektin, yana da araha, kuma manyan kamfanoni ne suke ɓoye shi don su sayar da allurarsu. Ya ce wanda bai samu na mutane ba, to, na dabbobi ma duk abu ɗaya ne. Baba Tela ya sa jikansa ya ɗauko kwalbar da ke tagar ɗakin dusa, aka duba, sai ga sunan a jikinta.

A nan ya kamata a yi wa dattijon adalci. Da wani suna aka ambata da bai kula ba, amma wannan magani ya san shi tun kafin mai saƙon ya san shi. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a wajen Kudaru, cikin ƙasar Lere, inda makantar bakin kogi ta yi ɓarna shekara da shekaru. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yake cizon mutum, ya sa masa tsutsa a jiki. Tsutsar ta girma ta haifi dubban 'ya'ya, su bi fata suna sa ƙaiƙayin da ke hana barci, su shiga ido su kashe shi sannu a hankali. Ya tashi yana ganin yara suna jan iyayensu da sanda, wan mahaifinsa ma a hannunsa ya makance. Daga baya ya ga an fara kawo wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi farare ana rabawa kyauta kowace shekara, masu suna Mectizan, kuma ya ga ƙaiƙayi ya ragu, ya ga 'yan baya sun girma da idanunsu. Mectizan kuwa ibamektin ne.

Tarihin maganin abin yabo ne. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Satoshi Omura, shi ya samo ƙwayar halittar da ake tatsarsa daga cikin ƙasar da ya ɗebo a shekarun 1970, sa'an nan William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck na Amurka suka gano ƙarfinsa a kan tsutsotsi. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981. A 1987 aka amince da na mutane, kamfanin kuma ya yi alkawarin bayar da shi kyauta don yaƙi da makantar bakin kogi. A 2015 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel. Kaduna ma tana da hannu a wannan tarihi, domin a ƙauyukan jihar ne Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando, tare da abokan aikinta, suka yi gwajin da aka buga a 1993, wanda ya nuna shan maganin kowace shekara yana rage lalacewar jijiyar ido. To, wanda ya ga wannan da idonsa, in aka ce masa maganin nan ya sake yin wani abin mamaki, yaya za a yi ya ƙi yarda?

Amma akwai abin da Baba Tela ya gani a ƙauye ya manta. Mai rabon Mectizan ba ya zuwa sai da sanda mai zane-zane. Kowa sai ya tsaya a jikin sandan an ga tsawonsa, sa'an nan a ƙirga masa ƙwaya ɗaya, ko biyu, ko uku, ko huɗu. Kowace ƙwaya miligiram 3 ce, saboda haka ƙato mafi tsawo a gari miligiram 12 ne rabonsa, kuma daga nan sai wata shekara. Yaron da bai kai santimita 90 ba ba a ba shi, mace mai ciki ba a ba ta, haka nan wanda yake kwance cikin ciwo mai tsanani. Watau da mai sandan zai shigo ɗakin Baba Tela a wannan dare, da ya tsallake shi.

Kwalbar raguna kuwa lissafinta daban ne. Ruwan allurar da aka saba sayarwa yana ɗauke da miligiram 10 a kowace mililita guda, kuma mililita guda ita ake yi wa dabba mai nauyin kilo 50, a ƙarƙashin fata. An narkar da shi cikin wasu sinadarai da aka zaɓa don allurar dabba, wani irin ma ana haɗa shi da maganin tsutsar hanta, kuma ba don ɗan Adam ya sha aka yi shi ba. Baba Tela ya ɗauki murfin kwalbar maganin tari mai cin mililita 10, ya cika, ya zuba a shayi. A kurɓi guda ya sha miligiram 100, fiye da ninki takwas na rabon ƙaton ƙauye na shekara. Ya yi haka safe da yamma. Da kwalbar ta ƙare a rana ta biyu ya aiki jikansa wani shagon magungunan dabbobi ya sayo wata, yaron shagon bai tambayi ragon wa za a yi wa ba, jikan kuma bai faɗa ba. Masu iya magana sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ko da a ce awon ya yi daidai, da sauran magana, domin maganin ba na wannan ciwo ba ne. Ibamektin jijiyoyi da tsokar tsutsa yake kamawa, ya shanye mata jiki, ta kasa motsi ta kasa ci. Ƙwayar bairos, irin ta korona da ta mura da ta ƙyanda, ba ta da jijiya, ba ta da tsoka, ba ta da baki. 'Yar mitsitsiyar aba ce da ke shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ta sa su su riƙa buga irinta. Shi kuwa ɗan Adam, abin da ya sa maganin ba ya cutar da shi a ƙaramin awo shi ne akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, mai tura maganin waje duk lokacin da ya nemi shiga. In aka yi wa shingen nan yawa sai ya gaza, maganin ya isa ƙwaƙwalwa, daga nan sai jiri, da rikicewar gani, da ruɗewa, da faɗuwar hawan jini ƙasa da ƙima, wani lokaci har da farfaɗiya da dogon suma.

To, daga ina zancen ya samo asali? Ba daga iska ba. A watan Afrilu na 2020 masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya suka zuba maganin a kan ƙwayar korona cikin kwanon gwaji, suka ga ta ragu ƙwarai cikin awa 48. Sai dai ƙarfin da suka zuba ya ninka abin da jinin mutum yake iya ɗauka a awon da aka amince da shi sau da yawa, kuma su kansu sun yi gargaɗi kada kowa ya sha. Bayan haka aka yi ƙananan gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban, har da wani a Legas a kan majiyyata 62, waɗanda ƙanƙantarsu ba ta isa a yanke hukunci ba. Wani rahoto daga Masar da ya fi kowane zuzuta maganin an janye shi a Yulin 2021, bayan an gano matsala a alƙalumansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Maris na 2021 kada a ba mai korona maganin sai a cikin gwaji. Da aka yi babban gwaji a Barazil a kan mutum 1,358, aka fitar da sakamako a Maris na 2022, sai aka ga bai rage yawan waɗanda ciwon ya kai asibiti ba, manyan gwaje-gwajen Amurka da Ingila ma ba su sami wani amfanin kirki ba. Illarsa kuwa an gan ta. A jihar Oregon ta Amurka, cikin Agustan 2021 kaɗai, mutum 21 suka nemi taimakon cibiyar kula da masu shan guba saboda shi, 17 daga cikinsu na dabbobi suka saya, aka kwantar da shida a asibiti. Mafi yawan wannan bai bayyana ba a daren da Baba Tela ya cika murfin kwalba. Abin da yake tabbatacce a daren shi ne ba wanda ya tabbatar da maganin, kuma kwalbar ta raguna ce.

A rana ta uku ya tashi zai yi alwalar asuba, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya faɗi a bakin rijiya. Ya yi ta amai da gudawa. Ya ce yana ganin fitila biyu alhali guda ce, can kuma ya fara kiran uwargidansa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun a ƙauye. Maƙwabta suka taru. Wani ya ce korona ce ta hau kai, wata ta ce iska ce, aminin nasa kuwa ya ce maganin ne yake faɗa da cutar, a ƙara masa. Wannan shi ne haɗari na biyu, kuma ya fi na farko ɓoyuwa: alamun guba sun cakuɗa da alamun ciwo, ba mai iya rabewa, ga kuma kwanaki sun tafi wajen jiran magani ya yi aiki, alhali huhun dattijo yana ta cikewa.

Babbar 'yarsa, wadda take aure a Unguwar Dosa, ita ta iso da hantsi. Ta durƙusa a gefensa ta ce, "Baba, ka gane ni?" Bai amsa ba. Ta juya wajen mahaifiyarta ta ce, "Inna, don girman Allah me aka ba shi?" Tsohuwa ta yi shiru, domin maigida ya hana a faɗa, sa'an nan ta nuna ƙarƙashin gado da ido. 'Yar ta janyo kwalabe biyu, ta ga hoton sa da tunkiya a jikinsu. Ba ta tsaya gardama da kowa ba, ta ƙulle su a gefen mayafi, aka samo Keke Napep aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Likitan da ya karɓe su ya ce ɗaukar kwalaben nan da ta yi ya rage masa rabin aiki, domin da sai a yi ta laluben shanyewar ɓarin jiki ko sanƙarau. Ya gaya mata gubar wannan magani ba ta da makari, sai dai a yi ta ƙarin ruwa, a tsare numfashi da bugun zuciya har jiki ya fitar da ita. Da aka maƙala wa dattijon 'yar na'urar auna iskar jini a yatsa, aka ga ta yi ƙasa ƙwarai, aka sa masa iskar oksijin. Gwaji ya nuna korona ce. Abin da ya guda dai shi ya same shi, aka kai shi wurin killacewa, sai dai ya isa da ciwo biyu maimakon ɗaya. A can aka ba shi abin da aka riga aka tabbatar yana ceton rai a ciwo mai tsanani, watau oksijin da wani tsohon magani mai araha, deksametason, wanda gwajin da aka yi a Ingila ya nuna amfaninsa tun Yunin 2020. Shi ma wannan likita ne yake auna shi, kuma ba a ba wanda ciwonsa bai kai ga neman oksijin ba. Bayan kwanaki hankalinsa ya dawo, ya nemi a ba shi carbinsa.

Da ya koma gida, majalisa ta rabu biyu a kansa. Amininsa har yau yana nan a kan cewa ba don maganin raguna ba da an yi jana'iza, hujjarsa kuwa ita ce shi ma ya sha 'yar kaɗan lokacin da ya yi mura, ya kuwa warke. Ba ƙarya yake yi ba, ya sha kuma ya warke. Abin da bai lura da shi ba shi ne mafi yawan masu kamuwa da irin wannan ciwo suna warkewa da kansu, saboda haka duk abin da mutum ya sha a ranakun, ko ruwan zafi ne, shi zai karɓi yabon. Wanda ya sha ya mutu kuma ba ya zuwa majalisa ya ba da nasa labarin. Wannan ne ya sa masana suke tara ɗaruruwan majiyyata, su ba rabi magani su ba rabi abin da ya yi kama da shi, sa'an nan su ƙirga. An taɓa ganin irin wannan a ƙasar nan: a Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane da yawa suka kwana a asibiti, wasu suka rasu. A Maris na 2020 kuma aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha kulorokwin fiye da ƙima. Rashin yarda da hukuma ma yana da tushe, domin Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Amma wanda darasin Kano ya shige shi, ai shi ya fi cancanta ya ƙi mai da jikinsa wurin gwajin maganin da ba a tabbatar ba.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ya shafi malamai da ɗaliban Hausa kai tsaye. Saƙon da ya ruɗi dattijon da Hausa ya zo, mai daɗin ji, har cikin ɗakinsa. Gargaɗin da ke jikin kwalbar, mai cewa don dabbobi kaɗai aka yi ta, da Turanci aka rubuta shi, da ƙananan baƙaƙe, shi kuwa ajami da bokon Hausa yake karantawa. Daɗin daɗawa, a bakin jama'a kalma guda ce, watau ƙwayar cuta, take ɗauke da bairos da bakteriya da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da 'ya'yan tsutsa. In duk sunansu ɗaya, mai sauraro ba shi da laifi in ya zaci abin da ya kashe ɗaya zai kashe saura. Ƙirƙiro kalmomin da za su raba waɗannan halittu, da sa su a bakin masu rediyo da masu wa'azi da masu shagunan magani, da matsa wa hukuma a rubuta gargaɗin magunguna da Hausa, aiki ne na masu nazarin harshe, kuma rayukan mutane suna rataye da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma zazzaɓin Lassa da ƙyanda da ciwon hanta ba su tafi ba, kwalaben dabbobi kuma suna nan a tagogin gidaje.

Baba Tela ya fi wata biyu bai hau keke ba, saboda kasala da rawar hannu. Da Babbar Sallar 2021 ta matso, ya kira malamin dabbobi ya duba masa raguna. Malamin ya ɗaura wa kowane rago igiyar awo a ƙirji ya ƙiyasta nauyinsa kafin ya zuƙi allura, ya kuma ce wanda za a yanka nan kusa ba za a yi masa ba, domin maganin yana daɗewa a nama. Dattijo ya tsaya yana kallo, igiyar awonsa tana rataye a wuya. Da aka gama ya ce wa 'yarsa, "Kin gani, ko ragon ma sai an auna shi." Ta ce, "Haka ne, Baba." Ya karɓi kwalbar, ya sa jikansa ya manna mata takarda, ya rubuta da ajami cewa ta raguna ce, sa'an nan ya kulle ta a akwatin da yake ajiye almakashi.

Allah ya ƙara wa marasa lafiya sauƙi, ya sa a riƙa tambayar masana tun ciwo bai yi nisa ba, amin.